ƁERA A ƘARƘASHIN HULA: HOTON KICIN ƊIN FARANSAWA A FINAFINAN ZANE



Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wani ya yi mamakin yadda za a tara manyan mutane a zauren jami'a domin a yi magana a kan finafinan zane, waɗanda galibi ake ɗaukarsu abin rarrashin yara. To, ai tatsuniya ma da yara ake yinta, amma babu mai nazarin al'ada da zai raina ta, domin a cikinta ne yaro yake fara jin wane ne mai wayo, wane ne mai ƙarfi, wane ne kuma abin dariya. Finafinan zane suna yin irin wannan aiki a zamanin yau. Yara masu ɗimbin yawa a duniya sun fara ganin Bafaranshe ne a cikin zane, sanye da doguwar farar hula, riƙe da wuƙa ko ludayi, kuma abin da ido ya gani da ƙuruciya yana da wuyar gogewa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne duba yadda waɗannan finafinai suke nuna kicin ɗin gidajen abinci na ƙasar Faransa, musamman fim ɗin nan mai suna Ratatouille, wanda kamfanin Pixar na Amurka ya fitar a shekarar 2007, ƙarƙashin jagorancin Brad Bird. Za a nuna cewa wannan fim ya faɗi gaskiya mai yawa game da tsarin aikin kicin, ya kuma tayar da babbar tambaya, watau wane ne yake yin aiki, wane ne kuma yake samun suna. Sai dai da ya zo ba da amsa, ya bar rabinta a ɓoye.

Asalin gidan abinci da tsarin kicin ɗinsa

Kafin a auna hoto, tilas ne a san abin da aka zana. Gidan abinci irin wanda mutum zai shiga ya zauna a teburinsa shi kaɗai, a miƙa masa takardar jerin abinci ya zaɓi wanda ransa yake so, a birnin Faris ya fara bayyana wajen shekarun 1760. Kalmar da Faransawa suke kiransa da ita tun asali sunan wani romo ne da ake sha domin maido da ƙarfin jiki. Bayan juyin juya halin 1789, da gidajen sarauta suka watse, kukumansu da yawa suka fito suna neman abin yi, gidajen abinci kuwa suka yawaita a birnin. Ba a daɗe ba sai ga mai sharhi ya biyo baya. Daga 1803 zuwa 1812 wani mutum mai suna Grimod de La Reynière ya riƙa buga littafin shekara-shekara yana yaba wasu gidaje yana kushe wasu. Ke nan kuku da mai sukarsa kusan tare suka taso.

Wanda ya ba kicin ɗin zamani fasalinsa shi ne Auguste Escoffier, wanda aka haifa a 1846 ya mutu a 1935. Ya yi aikin dafa wa hafsoshin soja abinci a yaƙin Faransa da Jamusawan Furusiya na 1870, sa'an nan daga 1890 ya shugabanci kicin ɗin otal ɗin Savoy a Landan. A 1903 ya buga littafinsa Le Guide culinaire, wanda har yanzu makarantun koyon girki suke amfani da shi. Tsarin da ya kafa Faransawa suna kiransa birged, watau sunan rukunin soja, kuma sunan ya dace. A sama akwai babban kuku, sai mataimakinsa. Ƙarƙashinsu akwai shugabannin sassa: mai miya, mai kifi, mai gashi, mai ganyaye, mai kula da abinci mai sanyi da ɗakin ajiya, da mai kayan fulawa da zaƙi. Kowane shugaban sashe yana da yaransa masu koyo. A can ƙasa kuma akwai mai wanke-wanke, wanda suke kira plongeur, watau mai nutso, saboda kullum hannuwansa suna cikin ruwa. Hikimar tsarin ita ce kwano ɗaya na abinci ya bi ta hannun mutane da yawa a lokaci guda, ya isa tebur da zafinsa. Ma'aikacin gwamnati da ya saba da tafiyar fayil daga akawu zuwa babban sakatare ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Kuku a zanen farko

A finafinan zane na da, babu ruwan masu zane da wannan tsari. Abin da suke bukata shi ne alamar da mai kallo zai gane nan take, don haka suka tsaya ga hula da gashin baki da karyayyen Ingilishi. Alal misali, a gajeren fim ɗin French Rarebit na 1951, zomon nan Bugs Bunny ya faɗo a Faris, kukumai biyu suka shiga faɗa a kan wanda zai dafa shi, daga bisani shi ne ya juya su ya cusa su cikin tanda. A The Aristocats na 1970, wanda aka gina labarinsa a Faris ta 1910, an ga wani tsohon dinya ya tsero daga wani gidan abinci a buge, saboda giyar da aka jiƙa shi da ita domin a dafa shi. A The Little Mermaid na 1989 kuwa, kukun fada Bafaranshe ne mai suna Louis, yana sara kifi yana waƙa, sa'an nan ya farfasa kicin ɗinsa baki ɗaya wajen bin wata ƙaramar ƙaguwa. A Beauty and the Beast na 1991 murhun ne da kansa kuku, yana huci don ba a ci abin da ya dafa ba, kwanoni da cokula suna rawa a kan tebur.

In an lura, abu biyu ne suka haɗa waɗannan misalai. Na farko, kuku shi kaɗai ne, ba shi da abokan aiki, alhali girkin Faransawa na gidajen abinci aikin gayya ne. Na biyu, tun da yake jaruman labarin dabbobi ne, daga cikin tukunya ake kallon kicin, saboda haka kuku ya zama dodo, kicin ya zama mahauta. Su ma Faransawa sun taya yi wa kansu dariya. A fim ɗin Sylvain Chomet na 2003, Les Triplettes de Belleville, wasu tsofaffin mata uku suna jefa gurneti a tafki su kwashi kwaɗi, su ci su a miya, su ci su a tsire, abin da yake nuni ga tsohon baƙin da Ingilishi suke yi wa Faransawa na cin kwaɗi. Duk waɗannan suna da ban dariya, amma wanda ya kalle su bai ƙaru da sanin yadda ake aikin ba.

Abin da Ratatouille ya gani daidai

Labarin Ratatouille a taƙaice shi ne: wani ɓera mai suna Remy, mai baiwar hanci da harshe, ya rabu da danginsa ya tsinci kansa a Faris, a ƙarƙashin gidan abincin wani mashahurin kuku marigayi, Auguste Gusteau, wanda takensa shi ne kowa yana iya girki. A can ya haɗu da Linguini, saurayin da aka ɗauka aikin kwashe shara, wanda bai iya ko soya ƙwai ba. Sai ɓeran ya ɓuya a ƙarƙashin hularsa, yana jan gashin kansa yana sarrafa hannuwansa kamar linzami, abinci yana fitowa da daɗi, ana yaba wa saurayin.

Masu shirya fim ɗin sun yi aiki da karin maganar nan ta gani ya kori ji. Sun tafi Faris sun ci abinci a manyan gidaje, sun leƙa kicin ɗinsu. Sun nemi shawarar kukun Amurka Thomas Keller, har furodusan fim ɗin, Brad Lewis, ya je ya yi aikin koyo a gidan abincinsa da ke Kalifoniya. Sun ajiye ɓeraye a ofishinsu suna nazarin tafiyarsu da motsin hancinsu. Hatta kantin sayar da tarko da gubar ɓera da uban Remy ya kai shi ya gani, mai matattun ɓeraye rataye a taga, kanti ne na gaske mai suna Aurouze a unguwar Les Halles.

Sakamakon wannan bincike yana bayyane. A karo na farko da Remy ya leƙa kicin ta tagar rufi, sai da ya lasafta mutanen ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, daga babban kuku Skinner da mataimakinsa Horst har zuwa yaron shara, daidai da tsarin Escoffier. An ga tukwanen jan ƙarfe, an ji ana kiran oda ana amsawa, an ga tabon ƙuna a damatsan ma'aikata. Colette, mai kula da sashen gashi, ta koya wa Linguini abubuwan da kowane mai koyo yake fara ji: ya tsare tsabtar wurin aikinsa, ya matse gwiwar hannu a jikinsa don kada ya ƙone ko ya yanke, ya shirya kayansa tun kafin baƙi su cika, kada kuma ya sāke girkin maigida da ra'ayin kansa. Ta kuma nuna masa cewa da ƙarar ɓawonsa ake gane burodi mai kyau. Fim ɗin ya nuna girki a matsayin sana'a mai horo da gajiya da ƙa'ida. Faransawa da kansu sun karɓe shi hannu biyu: fiye da mutum miliyan 7 suka shiga silima suka kalle shi a ƙasar, a 2008 kuma ya sami lambar Oscar ta finafinan zane.

Taurari da tsoron mai sharhi

A cikin fim ɗin, gidan Gusteau yana da taurari 5. Mai sharhi Anton Ego ya rubuta suka mai zafi, aka cire tauraro ɗaya, baƙin ciki ya kashe Gusteau, aka sāke cire wani bayan mutuwarsa. Mai kallo zai zaci ƙarin gishiri ne irin na masu labari. A lissafi kam an ƙara, domin taurarin gaske ba su wuce 3. Kamfanin tayar mota na Michelin ne ya fara buga littafin jagorar matafiya a 1900, don mutane su yawaita tafiya tayoyi su ƙare. A 1926 ya fara ba gidajen abinci tauraro, a 1931 aka kai matakin 3. Masu binciken kamfanin ba su bayyana kansu, suna ci su biya kamar kowa.

Amma game da tsoron, fim ɗin bai ƙara kome ba. A watan Fabrairu na 2003 Bernard Loiseau, mai gidan abinci mai taurari 3 a garin Saulieu, ya kashe kansa, jim kaɗan bayan littafin Gault et Millau ya rage masa maki daga 19 zuwa 17 cikin 20, ana kuma raɗe-raɗin Michelin zai rage masa tauraro, abin da bai auku ba a wannan shekara. Masu sharhi da yawa sun ga kamanninsa a jikin Gusteau, tun ba ma da yake Loiseau ya sa sunansa a kan abincin kanti ba, kamar yadda Skinner yake sayar da daskararren abinci da hoton maigidansa marigayi. A 2017 Sébastien Bras ya roƙi Michelin da ya cire gidansa daga littafin don ya huta da fargaba. A 2019 Marc Veyrat ya kai kamfanin ƙara kotu bayan an rage masa tauraro, bai kuwa yi nasara ba. Tauraro ɗaya yana iya cika gida da baƙi ko ya bar mai shi da bashin banki, kuma albashin mutum talatin ko arba'in yana rataye a kansa.

Mace a cikin birged

Colette ita kaɗai ce mace a kicin ɗin Gusteau, kuma ta gaya wa Linguini dalili ba tare da ɓoye-ɓoye ba: tsofaffin maza ne suka tsara dokokin sana'ar yadda mace ba za ta shiga cikin sauƙi ba. Tarihi yana bayanta. Eugénie Brazier ta birnin Liyon ta sami taurari 3 a gidajenta biyu tun a 1933, kuma a hannunta Paul Bocuse ya yi koyo, amma bayan zamaninta aka shafe shekaru masu yawa babu macen da ta kai wannan matsayi a Faransa, sai a 2007, shekarar fitowar fim ɗin, da Anne-Sophie Pic ta samu a garin Valence. Wannan rabo ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Girkin gida na mata ne, amma da Turawan mulkin mallaka suka zo da girki mai albashi, maza aka ɗauka, har kalmar kuku da aka aro daga Ingilishi ta zama sunan namiji.

Fim ɗin ya taɓa wannan batu ta wata hanya mai zurfi a wurin da ya fi kowane shahara. Abincin da Remy ya zaɓa ya ba Ego, watau ratatouille, dahuwar talakawan kudancin Faransa ce, ta yankin Nis: gauta irin ta Turawa, da tumatir, da tattasai, da albasa, da wani ɗan ƙaramin kabewa, a dafa da man zaitun. An yanka su sirara an jera da kyau bisa salon da Michel Guérard ya ƙirƙiro a 1976, Keller ya gyara domin fim ɗin. Da Ego ya kai loma ɗaya baki, sai ya ga kansa yana yaro, ya faɗo daga keke, uwarsa ta zaunar da shi ta zuba masa wannan abinci. Alƙalaminsa ya faɗi ƙasa. Ma'anar a fili take: ƙarshen gwanintar babban kicin ita ce ya kamo ɗanɗanon tukunyar uwa, ita kuwa uwar ba a taɓa ba ta tauraro ba, fim ɗin ma bai ba ta suna ba.

Wanda ba a gani

A nan ne ya kamata a tsaya a yi wa fim ɗin tambaya. Takensa ya ce kowa yana iya girki, Ego kuma a sharhinsa na ƙarshe ya fassara shi da cewa gwani yana iya fitowa daga ko'ina. Madalla. To, amma ta yaya Linguini ya mallaki gidan abincin? Ta hanyar gado: an gano cewa shi ɗan Gusteau ne, wasiyya ta ba shi. Wanda bai iya ba jini ya ba shi kujera, 'yan jarida suna ɗaukar hotonsa, wanda ya iya kuwa yana cikin duhun hula yana jan gashi. Hausawa sun riga sun yi wa wannan hali suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar da Linguini ya faɗi gaskiya, ma'aikatan kicin suka ajiye rigunansu suka fice. Ego bai bayyana wa masu karatunsa ko wane ne kukun ba. Jami'in duba tsabta ya sa aka rufe gidan, Ego ya rasa aikinsa da mutuncinsa. A ƙarshe an buɗe ƙaramin gida, Remy yana girki, amma babu inda aka nuna an sanar da masu layi a ƙofa hannun da yake dafa musu.

Wane ne wannan ɓera a Faris ta gaske? George Orwell, wanda ya yi aikin wanke-wanke a wani babban otal na birnin, ya bayyana a littafinsa Down and Out in Paris and London na 1933 irin zafin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, da tsawon sa'o'in aiki, da yadda kowane mataki yake taka na ƙasa da shi. A zamanin da aka yi fim ɗin, baƙi ne suka cika wannan mataki, daga Mali da Senegal da Siri Lanka da Bangaladash, kuma da yawansu ba wanke-wanke kaɗai suke yi ba, su ne suke yanka su dafa. A watan Afrilu na 2008, ƙasa da shekara guda bayan an nuna fim ɗin a Faransa, ɗaruruwan ma'aikata marasa takardar izinin zama suka shiga yajin aiki a yankin Faris da goyon bayan ƙungiyar ƙwadago ta CGT, suka zauna a wuraren aikinsu suka ƙi tashi. Da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne masu aiki a gidajen abinci, waɗanda suka yi shekaru suna aiki suna biyan haraji, alhali ko wace rana ɗan sanda yana iya tsare su a hanya. Mutumin da abincinsa yake da daraja a tebur amma ganinsa laifi ne a wurin hukuma, lalle ya fi kowa kama da Remy.

Adalci ne a ce fim ɗin bai mai da kicin ɗinsa na farare zalla ba. Mai miyarsa, Lalo, baƙar fata ne, mai kai abinci tebur kuma sunansa Mustafa, Colette ta kuma nuna cewa kicin matattarar mutane ce masu tarihi iri-iri, har da wanda ya taɓa zaman kurkuku. Sai dai nauyin wariyar gaba ɗaya an ɗora shi a kan dabba. Wannan dabara ce irin ta tatsuniya, inda Gizo yake ɗaukar maganar da ba a iya faɗa wa sarki ido da ido. Amfaninta shi ne kowa yana iya tausaya wa ɓera ba tare da ya ji an zarge shi ba. Illarta kuma ita ce mai kallo yana iya fita daga silima yana ƙaunar ɓeran zane, bai taɓa tunawa da mutumin da yake wanke kwanon da ya ci a ciki ba.

Kammalawa

An ga yadda finafinan zane suka tashi daga kuku mai gashin baki da wuƙa, wanda ba shi da abokin aiki, suka iso ga kicin mai tsari da muƙamai da gumi. A 2010 hukumar UNESCO ta sa liyafar cin abincin Faransawa cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu, a 2014 kuma aka buɗe gidan abinci da sunan Remy a filin wasan Disney da ke kusa da Faris, watau hoton ya koma ya zama kayan kasuwa a ƙasar da aka zana. Saboda haka nauyin da yake kan ɗalibi shi ne ya koyi kallon irin waɗannan hotuna da ido biyu, ya tambayi wanda ya zana, da abin da ya gani daidai, da wanda ya bari a wajen zanen. Wannan ma'auni zai yi masa amfani ranar da ya ga an zana tasa al'ummar. Ma'aikaci kuma da zai koma ofis gobe, in takarda ta iso teburinsa a shirye tsaf ba ta bukatar kome sai sa hannu, ya dace ya san sunan wanda ya rubuta ta, ya kuma ambace shi a inda ambaton zai amfane shi.